Gadin Jan Rubutu

A gidana, in an ɗauke wuta, abu na farko shi ne a zare komai daga soket. Doka ce, ban kuma yi shawara da kowa ba kafin na kafa ta. Tun shekarar da wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona mana talabijin da firij a rana ɗaya, lokacin maigidana yana da rai yana aiki a masaka a Kakuri, ban ƙara amince wa wutar garin nan ba. Na faɗi wannan tun da fari don a san irin matar da aka bar wa gadin kwamfuta.

Kwamfutar ta jikata ce, 'yar 'yata. Ni na yaye ta, a ɗakina ta girma a nan unguwar Nasarawa, uwarta kuwa tana Legas tana kasuwanci. Da yarinyar ta gama makaranta ta daɗe a zaune babu aiki, har uwar ta fara cewa a waya a turo mata ita ta tsaya mata a shago. Ni kuwa na san wanda Legas ta karɓa sai dai a gan shi da Kirsimeti, shi ma ba kowace shekara ba. Ana cikin haka wani ƙaramin kamfani a Barnawa, masu gina shafukan intanet, suka ɗauke ta gwaji. Suka ce in hannunta ya yi kyau za su riƙe ta. Yawancin aikin a gida take yi, a kan teburin cin abinci, wanda tun da ta ɗora kwamfutar a kai ba wanda ya ƙara cin tuwo a wurin.

Ni ban shiga aji ba. Wannan ma ina faɗa ne tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Amma na iya karanta fuska. A makon da nake magana, tun daga yadda take barin shayi ya huce a kofi na san da abin da ke cin ta.

Da na matsa mata sai ta gaya mini. Shafi aka ba ta ta gina wa wani asibitin haihuwa, inda mace mai ciki za ta sa sunanta ta waya ta zaɓi ranar awo, ba sai ta yi sammako ta kama layi ba. Shafin yana aiki. Sai dai jefi-jefi mace za ta cika komai, ta danna, shafin ya juya ya dawo fes kamar an karɓa, alhali sunan bai isa ko'ina ba. Ta hau keke mai ƙafa uku da tsohon ciki ta zo asibiti, a duba a ce ba ta cikin na yau. Masu asibitin suka kira ogan jikata suka wanke shi, shi kuma ya juyo kanta. Ya ce zuwa Litinin in ba ta gano inda matsalar take ba zai miƙa wa wani aikin, maganar riƙe ta kuma sai a sake dubawa. Ni na san ma'anar a sake dubawa. Haka aka ce wa maigidana kafin a rufe masaka.

Ta nuna mini yadda take farautar abin. Fuskar kwamfutar ta raba ta biyu. A sama shafin asibitin, a ƙasa wata 'yar taga inda na'urar ke rubuta duk abin da take yi, layi bayan layi. Su masu aikin log suke ce masa. In baƙin rubutu ne, lafiya. In ja ya fito, to nan ɓarnar take, kuma jan rubutun yakan faɗi abin da ya faru. Wahalar ita ce da zarar an danna, shafin yana sake lodi, yana sake lodin kuma tagar nan sai ta share kanta tas. Jan yakan ɗan gilma kamar walƙiya ya ɓace kafin ido ya kama harafi ɗaya.

Har ni ta sa aiki. Ta ce tunda babu abin da ke wuce idona a unguwar nan, in zauna in sa wa tagar ido ita tana dannawa. Muka zauna kamar masu jiran ɓera a bakin rami. Can kuwa sai na gan shi, na ce mata ga ja nan. Ta zaburo tana tambayata me aka rubuta. Na dube ta. Ita ma ta dube ni, sannan ta tuna da wa take magana, ta kifa kai a tebur tana dariya irin wadda ba ta da nisa da kuka.

Ranar Juma'a da rana wata abokiyar aikinta ta kira ta. Ina tsinar shinkafa ina ji. Abokiyar ta tambaye ta ko ta sa alama a wani ɗan akwati da ke cikin saitin tagar, wanda ke hana ta share kanta in shafi ya sake lodi. Jikata ta ce ba ta sa ba. Ta nemo akwatin, ɗan ƙarami bai kai ƙwayar gero ba, ta danna. Daga nan sharar ta tsaya. Shafin ya juya ya sake juyawa, rubutun yana nan, sabo yana taruwa a ƙarƙashin tsoho. Ta riƙe kai ta ce duk kwanakin nan akwatin yana gabanta. Na ce mata yanzu dai an gan shi, ta tashi ta ci abinci.

Sai dai abin nan yana da hali. Tun da aka kafa masa tarko ya ƙi zuwa. Ta danna har yatsanta ya gaji, baƙi kawai. Sai ta shirya kwamfutar ta riƙa cika sunayen ƙarya tana danna kanta da kanta, ba tsayawa, ta ce a bar ta a kunne, komai daɗewa zai faɗo.

Washegari Asabar kuwa auren babbar ƙawarta, wadda suka tashi tare tun ajin Lahadi, ita ce kuma mai riƙe wa amarya fure. Da safe na ga ba ta da niyyar wanka. Ta ce ba za ta je ba, za ta aika a ba amarya haƙuri. Na ce ba a gidana ba. Yarinyar da ta kwana a tabarmata, uwarta muna Zumuntar Mata tare, a ce ranar aurenta jikata tana gida tana gadin inji? Na ce ta shirya ta tafi, ni zan zauna da shi. Da bakina na faɗa, ba wanda ya roƙe ni.

Ta tsaya da ankonta a jiki tana yi mini bayani kamar mai barin jariri. Kada in rufe murfin. Kada in taɓa maɓalli ko ɗaya, ko da ƙura zan goge. Ɗan abin intanet da ke maƙale a gefe kada ya fita. Sannan ta zo kan babbar maganar. Akwatin da ta danna yana riƙe rubutu ne in shafi ya juya kawai. In kwamfutar ta mutu, komai ya tafi, sai a faro daga farko, kuma babu lokacin farowa. Batirin ya tsufa, in an ɗauke wuta ba ya wuce dahuwar shinkafa. Ta nuna mini wata 'yar fitila a gefe, ta ce in fara ce yana shan wuta, in ta koma ruwan goro yana cin cikinsa, in ta fara ƙiftawa ya kusa.

"Kaka, in sun ɗauke ki kira ni."

Na ce ta tafi, tun jiya ba su taɓa wutar ba.

Na jawo kujera na zauna. Ban taɓa zama ba aikin komai a hannu da rana tsaka haka ba. Shafin yana cika kansa, ya juya, ya dawo, baƙaƙen layuka suna taruwa. Ina kallo ina sauraron fanka, don ita ce ke fara gaya wa mutum in wuta za ta tafi.

Bayan azahar hadari ya taso ta wajen Rido. Damina ce, kuma kowa a garin nan ya san da iska ta kaɗa bishiya masu wuta sun sami dalili. Na yi addu'a a zuciyata. Ban kai amin ba fanka ta fara rage gudu.

Hannuna ya riga tunanina, na zare cajar daga bango. Fitilar ta koma ruwan goro. Na ɗauki wayata na danna wurin da hoton jikata yake. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake, haka. Daga baya na ji wayar tana cikin jaka, jakar kuma tana ƙarƙashin kujera a coci, ana ta kiɗa.

Na tsaya a tsakar ɗaki ina lissafin masu janareta a layinmu. Mai aski ya rufe ya tafi ɗaurin auren nan. Rumfar cajin waya tana can bakin titi, ga nisa, ga samari masu hannun taɓe-taɓe. Saura gida ɗaya, na jikin katangata: Maman 'yan biyu, 'yar Binuwai, mai sayar da kifi da kaji na ƙanƙara.

Ni da ita ba ma magana, gaisuwa ma sai ta kama dole. Dalili kuwa janaretan nan ne. Da ta saye shi ta ajiye shi daidai ƙarƙashin tagar ɗakina. Hayaƙin yana shigo mini, ga ni da tari. Na yi mata magana, ta ce filinta ne. Na kai ta gaban mai unguwa, aka sa ta mayar da shi bayan gida, ta sayi doguwar waya. Har yau ina kan bakana, ni ce da gaskiya. Amma gaskiya ba ta cajin batir, wannan kam na gani a ranar.

Na ɗan jira ko za su dawo da ita. Iska ta ƙaru, aka fara yayyafi. Na ɗauko babban tiren da nake kai abinci coci, na tura kwamfutar a kai a hankali da murfinta a buɗe, na naɗe cajar na ɗora a gefe. Hannu biyu tire ya cinye, babu na riƙe lema. Sai na yafa zane tun daga kaina ya sauko ya rufe tiren, na cije bakinsa da haƙori. Haka na fito, tsohuwa da tanti a ka, ina leƙen ƙasa ta ƙarƙashi. A kan katakon da ke bisa kwata ƙafata ta ɗan zame. Allah ya tsare, ban faɗi ba.

Tana zaune a shagonta tana yanka kifi, da wasu mata biyu da suka fake wa ruwa. Ta ɗaga kai ta ga abin da ya shigo mata. Na saki zanen na gaishe ta. Ta amsa tana kallon tiren. Na ce na zo ne ta taimaka ta tayar da janareta, aikin jikata ne a ciki, in ya mutu aikinta ya mutu.

Ba ta tashi ba. Ta goge wuƙa a jikin tsumma, ta ce firizanta da sauran sanyi, ba ta tayarwa sai yamma. Sannan ta juya wajen matan nan.

"Kuma janaretanmu yana da hayaƙi. Kada ya sa wa kwamfutar Mama tari."

Matan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. A wata rana da na ba ta amsar da za ta kwana tana juyawa. Na dubi gefen kwamfutar, fitilar ta fara ƙiftawa. Na juya tiren yadda za ta gani. Na ce, "'Yata, in kina da magana da ni, ki tayar da shi tukuna. Ina nan zaune, ba inda za ni, sai ki faɗa mini duka."

Ta dube ni, ta dubi fitilar. Ita ma uwa ce, kuma jikata ce ke koya wa 'yan biyunta lissafi a ɓoye, suna tsammani ban sani ba. Ta yi tsaki, ta ɗaura ɗankwali ta fita cikin ruwan. Ina jin ta a bayan gida tana jan igiya. Ya yi tari ya mutu. Ta sake ja, ya mutu. Ina jin tana zaginsa da yarensu. Fuskar kwamfutar ta rage haske da kanta, kamar idon mara lafiya. Ban san lokacin da na fara kiran sunan Yesu a fili ba. Sai ga ƙara ta ɗauka, ƙwan shagon ya kawo. Na miƙa wa ɗaya daga matan cajar na ce ta sa. Ni da na kafa dokar zare soket, ga ni ina roƙon a cusa mini waya a wutar da ban san ƙarfinta ba. Fitilar ta koma fara.

Saman firiza a jiƙe yake, ƙasa ma haka, sai na zauna a benci da tiren a cinya. Iska tana kwaso hayaƙin daga baya tana shigo da shi shagon. Tari ya taso mini, na haɗiye. Maman 'yan biyu ta dawo a jiƙe sharkaf, ta lura, ta ce ashe Mama ta warke. Na ce da sauƙi.

Ruwa ya tsuge sosai. Shafin ya fara nauyi, yana daɗewa kafin ya juya. Ina cikin kallo sai ga shi. Ja, layi wajen uku a jere, a ƙasan tagar. Na zuba ido ina jiran shafin ya juya ya share shi kamar kullum. Ya juya. Jan yana nan.

Na kira Maman 'yan biyu na ce ta karanta mini, tunda ita ta yi sakandare. Ta sunkuyo tana motsa baki, ta ce Turanci ne amma ba irin na mutane ba. Ta ce bari ta wanke hannu ta ɗauko waya ta ɗauki hotonsa. Kafin ta gama wanke ƙarnin kifi na ga abin da ba wanda ya gaya mini zai faru. Duk juyawar da shafin ya yi, sababbin baƙaƙen layuka suna fitowa daga ƙasa suna tura jan sama. Yana hawa, yana hawa. Na ce ta yi sauri. Ta zo da wayar tana neman inda kyamara take. Layi na farko ya shige ƙarƙashin bakin tagar, na biyu ya bi shi. Tana ɗaga wayar na ukun ya tafi.

Ta kai yatsa za ta jawo shi, ta ce haka ake yi a waya. Na buge hannun. An ce kada a taɓa, kuma ban san wanne maɓalli ne zai kashe komai ba. Ta ce to Mama, ki zauna da shi. Na kuwa zauna.

Ban iya kwatanta wannan zaman ba. A ganina abin ya zo, na gan shi da idona, ya kuma fita ta sama ya tafi, kamar yadda yake tafiya kullum, sai dai wannan karon a hankali ya yi don in gani da kyau. Da yarinyar tana gida da ta karanta shi. Ni na kore ta zuwa biki. Ina kallon baƙin rubutu yana taruwa ina ganin tashar motar Legas, da jakar jikata, da teburin nan babu kowa a kai. Matan da suka fake suka tafi. Cinyata ta yi sanyi ta mutu a ƙarƙashin tire, ban motsa ba, ko zai sake zuwa. Bai sake ba. Maman 'yan biyu ta daina tsokana. Ta ajiye mini ruwan zafi da citta a gefen benci, ta kuma bar janaretan yana ci har ruwa ya ɗauke.

Gab da magariba jikata ta faɗo shagon da takalmanta masu tsini a hannu, gwaggwaron ya karkace. Ta je gida ta tarar da tebur wayam, ta ga kiran da na yi mata. Ban bari ta tambaya ba. Na ce kwamfutar ba ta mutu ba, ba a rufe ba, ba a taɓa ba. Amma abin ya zo ya wuce, ya haura sama ya fita, ban iya tsayar da shi ba.

Ta durƙusa a gabana a kan simintin nan mai ruwan kifi da ankonta. Ta ɗora yatsu biyu ta ja. Sai rubutun ya fara gangarowa, duk wanda ya hau sama yana dawowa ƙasa, layi bayan layi, tun na lokacin da nake zaune. Ta yi ta ja. Sai ga ja ya sauko ya tsaya a tsakiyar tagar, ukun nan cif.

"Ba ya fita, Kaka. Sama kawai yake hawa."

Ta karanta shi bakinta yana motsi. Ta ɗauki hotonsa, ta kwafe shi ta adana a wani wuri, sannan ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce shafin ne ke da gaggawa. In netwok ya yi rauni, yakan juya tun saƙon bai isa ba, sunan ya faɗi a hanya. Shi ya sa a ofis ba ya yi, sai a wayar matan da ke lungu. Ruwan saman nan ne ya raunana netwok har ya fito. Maman 'yan biyu ta ce to a gode wa ruwa, a kuma gode wa hayaƙi. Jikata ta ɗauke tiren daga cinyata, sai da su biyu suka kama ni kafin na iya miƙewa.

Ranar Lahadi bayan sujada ta gyara shi. Litinin ta tafi Barnawa, na wuni ina share tsakar gidan da na riga na share. Da ta dawo, tun daga yadda ta turo ƙofa na san an riƙe ta. Uwarta ta kira daga Legas a makon, na ce mata ta nemi wata 'yar shago.

Na dafa gwaten acca na aika wa Maman 'yan biyu a kwanon da nake fitarwa don baƙi. Ta dawo da kwanon da kifi a ciki. Ba mu tayar da tsohuwar magana ba, ni ban janye ba, ita ma ba ta ce in janye ba. Sai dai tun ƙarshen daminar nan na lura janaretan ya baro bayan gida. Ta ce wai rumfar can tana yoyo. Yanzu yana gefen katanga, bai kai tagata ba tukuna, amma duk mako sai na ga kamar ya ɗan matso. Ina dai kallonsa.